Kujerar Da Na Ɗauke Daga Titi

Masu karatu, kafin wata ta sake rubuto mini cewa in yi haƙuri in bi miji in huta, bari in shimfiɗa al'amarin daga tushe, domin na lura da yawanku a tsakiya kuka tarar da shi.

Sunana Denitra Hollins, shekarata talatin da huɗu. Mahaifina, Cleophus Hollins, ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a gidan waya na Chicago. Ranar sha biyar ga Janairun bana muka kai shi gidan kula da tsofaffi, bayan ɓarin jikinsa ya shanye karo na biyu, har ta kai ni kaɗai ba na iya ɗaga shi daga gado. Kuɗin wata guda a wurin ya kusan ninka fanshonsa sau uku. Abin da ya tara zai kai mu ƙarshen Mayu, daga nan sai gwamnati ta karɓa ta shirin Medicaid mai biya wa marasa hali kuɗin jinya. Gwamnati kuwa tana biya, amma ba ta mantuwa: tun daga dokar 1993, idan wanda aka biya wa ya rasu, akan dawo a nemi kuɗin daga abin da ya bari. Baba bai mallaki komai ba sai gidanmu na unguwar Lawndale, gidan dutse mai hawa biyu, mai baranda da matakala bakwai.

Ba zan yi magana a kan gidan nan kamar tubali da katako ba. Kakana Lucius ya taso daga Mississippi a jirgin ƙasa a 1951. A 1959 ya sa hannu a kan gidan, a zamanin da banki ba ya ba baƙar fata rance a unguwanni irin tamu. Dillali ne yake sayen gida da araha, ya sayar maka ninki biyu a kan yarjejeniya: kana biya wata-wata, takardar mallaka tana hannunsa har sai ka biya na ƙarshe, in ka kuskure wata ɗaya a fitar da kai, duk abin da ka zuba ya tafi. A 1968 mutanen unguwa suka haɗa ƙungiya, daga baya suka ƙi biya gaba ɗaya har sai an gyara farashi. Sai a 1971 takardar ta shigo hannun Kaka. Yana ajiye ta cikin Littafi Mai Tsarki, a tsakanin shafukan Ishaya, kuma har safiyar yau can take.

Wannan shi ne abin da ake so in saki.

Ranar Alhamis, kwana goma sha ɗaya ke nan, na sa baƙar rigar sanyina mai maɓalli manya, na ɗaure kitsona a baya, na tafi ofishin taimakon shari'a. Lauyar da aka haɗa ni da ita sunanta Prokop, ƙaramar mace mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

“Akwai ƙofa guda. Ɗa ko 'ya da ta zauna a gidan shekara biyu cur kafin a kai uban, tana jinyarsa har ta jinkirta kai shi, ana iya mayar mata da gidan tun yana raye. Ba wanda zai taɓa shi bayan haka.”

“Shekara biyu da wata uku da kwana shida,” na ce. “Ranar tara ga Oktoban 2021 na ajiye aikina na dawo.”

“Madalla. Likitansa zai rubuta?”

“Ya riga ya ce zai rubuta.”

“To saura shaidar zama. Miƙo mini lasin tuƙinki.”

Na miƙa mata. Ta sa tabarau, ta duba, ta cire tabarau, ta dube ni.

“Malama Hollins, wannan katin cewa yake yi a Hammond kike zaune. Jihar Indiana.”

Jama'a, a nan zan faɗi laifina da bakina. Desmond Pettway, wanda zobensa ke yatsana tun ranar Kirsimeti, dillalin inshora ne a Hammond, tafiyar minti arba'in daga ƙofarmu. Na san shi ne a watan Maris na 2022, lokacin da na je neman inshorar mota mai sauƙi. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum rigarsa a goge, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Da ya ga abin da nake biya sai ya dafe kai.

“Ke da ba ki da albashi, don me za ki riƙa biyan wannan? Ga harajin sitika na birni a kai. Rabin motocin layinku a gidan wata inna suke ‘zaune’ a Indiana. Kawo in gyara miki.”

Ya gyara kuwa. Ya sa sunana a takardar gas ta gidansa, na sake lasin, na sake lambar mota, wasiƙun bankina ma suka koma can. Ni 'yar mai raba wasiƙu, na ari adireshin wani don in rage kuɗin mota. Ban taɓa kwana a gidan Desmond ba ko sau ɗaya, domin wa zai juya Baba a gado? Amma a takarda, wata ashirin da biyu na ƙarshe ina wata jiha.

“Ina bukatar abu biyu,” in ji Lauya Prokop. “Shaida mai kwanan wata, wadda ba ɗan'uwanki ne ya rubuta ba, da ke nuna a Lawndale kike kwana. Sannan takardar rantsuwa daga mai gidan Hammond cewa ba ki taɓa zama a can ba. Ta farko dole ce, ta biyu ita za ta rufe bakin kowa. Kuma ki sani, ranar da muka shigar da wannan, kin amsa cewa kin yi wa kamfanin inshora ƙarya. Za ki iya shan tara. Shi kuma da ya shirya miki, lasin aikinsa na iya tafiya.”

Na karɓi lasina na fito.

Ranar Lahadi bayan coci na dafa abin da Baba yake so, don ban iya dafa wani abu ba a kicin ɗin nan: soyayyar kaza, ganye da aka dafa da naman talotalo mai hayaƙi, da burodin masara a baƙin kaskon Mama. Yayana Roderick ya zo daga bayan gari inda yake zaune da iyalinsa, Desmond ma ya zo. Ko addu'a ba mu gama ba Roderick ya zaro wani kati ruwan ɗorawa ya ajiye kusa da farantina. Irin katin nan ne da ake cusa mana a ƙofa duk mako: muna sayen gidaje, kuɗi a hannu, ko ya lalace.

“Na kira su,” ya ce. “Za su zo Laraba su duba.”

“Su duba me? Kai ka gayyace su, sai ka kai su naka gidan.”

“Nitra, ki daina abu kamar 'yar shekara tara. A sayar, a biya wa Baba wuri mai kyau shekara biyu ko uku, ba roƙon gwamnati, ba lauya. Rufin nan yoyo yake yi. Tukunyar ɗumama gida ta girme ki.”

“Ta girme ni, kuma ta fi ka zuwa aiki a gidan nan.”

“Ka ji ta ko?” ya ce wa Desmond. “Haka za ka sha. Tun tana goyo bakinta ya riga haƙoranta fitowa.”

Kada ku ɗauka Roderick mugu ne. Shi ya riƙa biyan matar da ke karɓata ranar Asabar in samu in yi barci, ga 'yarsa a jami'a. Gajiya ce ta yi masa yawa. Amma ni ma na gaji, kuma ban kira kowa ya zo ya auna ɗakin da Mama ta rasu a ciki ba.

Bayan ya tafi da ragowar kaza a roba, na tsaya wanke-wanke, Desmond yana gogewa. Na faɗa masa duk abin da lauya ta ce. Ya daɗe yana goge faranti ɗaya.

“Masoyiya, kin san abin da kike roƙona?”

“Gaskiya nake roƙonka. Layi huɗu da sa hannu.”

“Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina aikin nan. Layi huɗun nan za su iya rushe shi.” Ya ajiye farantin, ya kamo hannuna mai kumfa. “Ki duba ta wata fuskar. Takarda ta riga ta kai ki gidana, saura akwatinki ya biyo. Mu ɗaura aure a Yuni. Roderick ya sayar, Baba ya samu kulawa, ke ki huta. Kin yi abin da 'ya za ta yi, har kin zarce.”

“Wato ƙaryar da muka yi mu mayar da ita gaskiya, gidan ya biya kuɗin.”

“Ban ce haka ba.”

“Haka ka ce, sai dai ka sa mata turare.”

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya ɗauki hularsa. Kafin ya kai babban titi saƙonsa ya shigo: “Ina sonki fiye da yadda kike son dutsen nan. Ki yi tunani.” Na karanta sau uku. Ban amsa ba, don abin da ya zo bakina ba na rubutawa ba ne.

Ranar Talata na je wurin Baba. Na same shi a keken marasa lafiya kusa da taga, an sa masa rigar wani mai layi-layi, abin da na tsana ke nan a wurin. Na canza masa da tasa shuɗiya, na shafa masa mai a hannu. Maganarsa ta yi nauyi tun ciwon, kalma ɗaya-ɗaya take fita, amma kansa garau yake, musamman a kan kwanan wata. Na zayyana masa komai, har da Hammond. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya rufe ido kawai.

“Indiana,” ya ce. “'Yata. Indiana.”

“Na sani, Baba.”

“Shekara talatin da ɗaya. Ban taɓa kai wasiƙa. Gidan da ba nata ba.”

“Na ce na sani, Baba.”

Ya buɗe ido. “Wa ya fi kowa. Sanin inda kike kwana?”

“Kai.”

“Ni uba ne. Ba za su karɓa ba. Wa kuma?”

Na gane inda ya dosa, kuma ban so ba.

Mis Ernestine Gaither, shugabar ƙungiyar layinmu, gidanta yana kallon namu. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma shekara biyu ke nan ba ta amsa gaisuwata. Kun san al'adarmu ta hunturu: in dusar ƙanƙara ta rufe titi, wanda ya sha wahala da shebur ya haƙe wurin ajiye motarsa, sai ya dasa kujera ko bokiti a wurin, ba mai taɓawa har ya dawo. Ba doka ba ce, amma ta fi wasu dokokin ƙarfi. A farkon Fabrairun 2022 aka yi ƙanƙara mai yawa. Na dawo da Baba daga asibiti, ba wurin tsayawa ko ɗaya sai na Mis Ernestine, da wata tsohuwar kujerar katako koriya a tsakiya. Na fito na ɗauke ta na wurga kan tudun ƙanƙara, na ajiye motata. Ƙafar kujerar ɗaya ta tsage. Matar ta fito baranda ta wanke ni tas a gaban layi, ta kira ni marar tarbiyya, ta ce uwata tana juyi a kabari. Ni kuma, don haushi, da ta koma ciki na ɗauke kujerar na jefa a ɗakinmu na ƙasa. Da ta aiko tambaya na ce masu kwasar shara sun tafi da ita.

Wata guda bayan haka motata ta koma lambar Indiana, sai Mis Ernestine ta samu abin da take nema. Kowace safiya, ƙarfe bakwai saura, za ta fito cikin doguwar rigarta ta gida ruwan malmo, ta ɗaga waya ta ɗauki hoton motar, ta aika wa hukumar birni ƙara: ga mota tana kwana a layinmu ba ta biyan harajin birni. Ba wanda ya taɓa zuwa, ita kuma ba ta taɓa fasawa ba. Ni ma ban bar ta ta huta ba. In na gan ta sai in fito da hular barcina da silifa, da jakar shara ko kwandon zanin gadon Baba, in jingina da motar in ɗaga mata hannu, in ce, “Ki ɗauko ɓangarena mai kyau, Mis Ernestine!”

“Kina ciki,” in ji Baba. “A hotunan.”

“Baba, matar nan ko ruwa ba za ta ba ni ba in ina ci da wuta.”

“Ina kujerar?”

Ban taɓa gaya masa ba. Na sunkuyar da kai.

“Tana ɗakin ƙasa. Na ji. Lokacin da kika jefa ta.” Ya ja numfashi. “Kin san. Kujerar mece ce?”

Ya ɗauki kusan rabin sa'a yana ba ni abin da zan ba ku a taƙaice. Lokacin da mutanen unguwa suka ƙi biyan dillalai, an kai wasu kotu, aka fara fitar da su. Gidan mahaifiyar Mis Ernestine yana cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Masu aiwatar da umarnin kotu suka zo da safe suka watso kayansu a titi, Mis Ernestine tana tsaye da jaririya a kafaɗa. Kujerun kicin shida ne, biyar suka karye. Da mutanen suka tafi, maƙwabta suka fito suka ɓalle kwaɗon, suka mayar da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Baba yana da shekara ashirin da uku. Shi ya ɗauki kujera ta shida ya hau da ita.

“A 1969 ke nan?” na tambaya.

Ya harare ni da idon da ke aiki. “Saba'in. Takwas ga Afrilu. Laraba.”

“To me ya sa take fitar da ita titi, in tana da daraja haka?”

“Cewa take. Sau ɗaya wani ya fitar da ita. Daga yau. Ni ke fitarwa. Ni ke mayarwa.” Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya. “Shekara hamsin da biyu. Ba wanda ya taɓa. Sai 'yata.”

Masu karatu, na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar nan ba.

Ranar Laraba masu katin ruwan ɗorawa suka zo, su biyu, da na'urar awo. Na tsaya a matakala ta bakwai na ce musu mai gidan yana raye, kuma bai gayyace su ba. Ɗaya ya ce Mista Roderick ne ya kira su. Na ce Mista Roderick ba shi da ko ƙusa a gidan nan. Suna juyawa saƙon Roderick ya shigo: “Kin ba ni kunya.” Na amsa: “Ka shiga layi, akwai mutane a gabanka.”

Sannan na sauka ɗakin ƙasa. Kujerar tana nan bayan injin wanki, gizo-gizo ya yi gida a ƙafafunta. Na fito da ita, na wanke, na samo gam ɗin katako da matsi a akwatin kayan aikin Baba, na haɗa ƙafar na ɗaure. Ban yi mata fenti ba, na ga ba hurumina ba ne. Kwana biyu na bar ta ta kama.

Ranar Juma'a da hantsi na sa rigata ta coci mai ruwan toka, na ɗauki kujerar a gaba kamar mai ɗauke da jariri, na tsallaka titi. Labule uku na ga sun motsa. Na danna ƙararrawa. Ta buɗe ƙofar ciki, ta bar ta waje mai ragar waya a kulle.

“Ba na sayen komai.”

“Ina kwana, Mis Ernestine.”

“Da ban kwana ba za ki gan ni?” Sai idonta ya sauka kan abin da ke hannuna. “Ashe masu shara suna dawo da kaya.”

“Ƙarya na yi. Tana ɗakinmu na ƙasa tun ranar. Baba ya gaya mini tarihinta ranar Talata. Ban zo in ce ban sani ba, domin ko ban sani ba, ba tawa ba ce.”

Ta buɗe. Ta karɓi kujerar, ta juya ta, ta bi tsagin da yatsa, ta ajiye, ta zauna a kai da dukkan nauyinta.

“Gam ya yi yawa,” ta ce. “Aikin 'yan Hollins ke nan, komai sai sun zarce. To faɗi abin da kike so. Ba wanda ke sa rigar coci ranar Juma'a don Allah kaɗai.”

Na faɗa mata, a tsaye, ba ta ce in zauna ba. Da na kai kan Hammond ta ce, “Uhum.” Da na kai kan masu kati ta ce, “Na gan su. Na ɗauki lambar motarsu.” Da na gama ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da akwatunan takalmi uku, ta jera a tebur. Ta wanke kowane hoto a kanti, ta rubuta kwanan wata da lambar ƙara a bayansa da jan biro. Na zaro ɗaya. Ga ni nan da hular barci, da kwandon wanki a ƙugu, na turo baki. Na zaro wani. Ga ni ina tura keken Baba zuwa mota, ranar Kirsimetin 2022.

“Na tara su ne don in ga an ja motarki,” ta ce. “Ina addu'a a kai har a coci, Ubangiji Ya gafarta mini.”

“Za ki ba ni aro?”

“Aro? Ni zan kai su da kaina, in rantse a gaban duk wanda ke son ji. Ba don ke ba, ke har yanzu ba ki da kunya. Don Cleophus, da Mista Lucius da ya tsaya a ƙofarmu da guduma a hannu. An fitar da mu sau ɗaya da takarda. Ba zan zauna a taga ina kallo a sake yi da wata takardar ba.” Ta rufe akwatin. “Amma kin san waɗannan za su kama saurayin naki mai ƙamshi.”

“Na sani.”

“Ya sani?”

“Yanzu zai sani.”

A kan barandarta na tsaya na rubuta wa Desmond, ban goge ko kalma ba: “Litinin ƙarfe goma zan shigar da takardu, da kai ko ba kai. Na samu shaida. Zan amsa laifina, in biya abin da aka ce. Ba zan ambaci sunanka don mugunta ba, kuma ba zan ɓoye shi don soyayya ba. In za ka sa hannu, ka same ni a gida ƙarfe tara mu tafi tare. In ba za ka iya ba, ba zan zage ka ba, zan aiko maka da zobenka ta gidan waya, zuwa adireshin da ni da kai muka sani sarai.”

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga ɗigon nan uku masu nuna yana rubutu suna rawa, suka tsaya, suka sake rawa, suka ɓace. Asabar shiru. Lahadi bai zo coci ba. Roderick ne ya kira da yamma, ya ce Baba ya sa an kira shi, ya yi masa magana ta minti ashirin a kan shekarar 1971. “Ban ce na yarda ba,” ya ce. “Amma na soke masu katin. In rufin ya faɗo miki a ka, kada ki kira ni.” Na ce in ya faɗo shi zan fara kira, ya zo da tsani.

Yau Litinin. Na tashi na tarar an yi ƙanƙara ta ƙarshen hunturu, irin mai nauyi da jiƙa. Na haƙe motata, na shiga na yi wanka, na sa rigar toka, na zaro takardar Kaka daga cikin Ishaya na sa a jaka. Zoben yana yatsana, ambulan da kan sarki yana aljihuna. Ƙarfe tara saura kwata na fito baranda.

Mis Ernestine tana tsakiyar titi da hularta ta coci mai gashin tsuntsu, akwatunan takalmi uku a ɗaure da igiya a kan matakalarmu. Ta sa maƙwabcinmu Mista Odell ya haƙe wuri guda a bayan motata, daidai ƙofarmu. A tsakiyar wurin, ga koriyar kujera a tsaye.

“Mis Ernestine, wa kike kama wa wuri?”

“Mai ƙamshi. Kada ya zo ya ce bai samu wurin tsayawa ba, maza ba sa rasa dalili.” Ta gyara safar hannunta. “In ya zo, ke za ki ɗaga masa ita da hannunki, na ba ki izini, sau ɗaya. In bai zo ba, ki zauna a kanta ki yi kukanki na minti biyar, ina duba agogo. Sannan ki share fuska mu tafi, gidan ubanki ba zai jira hawayenki ba.”

A tsaye nake rubuta muku wannan, a matakala ta bakwai, yatsuna sun ƙage. Tara saura minti huɗu. Ko ya zo ko bai zo ba, ƙarfe goma ina gaban Lauya Prokop, kuma sunan Hollins ba zai sauka daga ƙofar nan ba.

Wata mota ta karyo kwanar layinmu a hankali, ƙanƙara ta rufe gilashinta da lambarta. Mis Ernestine ta riga ta ɗaga waya.